Lambar Wayata a Cikin Ƙunshin Tsire

Da ofishin da nake yi wa aiki a unguwar Bali ta birnin Douala ya rage ma'aikata, ina cikin waɗanda aka sallama. Na daɗe a wurin ina buga takardun fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, har na saba da fita da sassafe da jaka a kafaɗa ana ce mini madam. Rana ɗaya na koma zaman gida a unguwarmu ta New Bell, daga ni sai goggona, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun bayan rasuwar iyayena.

Goggo tana da wani yaji da ta koya wurin kakarmu, wadda aka kawo Douala daga arewa tun tana amarya. Mutanen gari kankan suke ce wa irinsa, mu kuwa yaji kawai muke cewa. Lokacin da nake aiki, duk ranar da na kai shi ofis a 'yar kwalba ba ya kai azahar, har roƙona suke yi in kawo musu na kaiwa gida. Da zama ya ishe ni sai na ce wa Goggo mu riƙa yi muna sayarwa. Ta yarda, amma da sharaɗi ɗaya: ranar haɗi ba wanda zai shigo mana madafa, ko da maƙwabciya ce ta zo aron taɓarya.

Ɗan abin da aka sallame ni da shi ya tafi a kwalabe da gyaɗar ƙuli-ƙuli da barkono da citta da sauran kayan ƙamshi. Wani mai buga takardu a bayan kasuwar unguwarmu ya tsara mini tambari, ja da ruwan ɗorawa, da hoton turmi da taɓarya, lambar wayata a ƙasa. Kwalabe suka yi layi a kan teburin ɗakina, gwanin sha'awa. Masu saye ne babu, in ban da tsofaffin abokan aikina, su ma sau ɗaya suka saya suka yi shiru. Na je na tambayi yadda ake talla a rediyo, na dawo ban ko gaya wa Goggo abin da suka ce ba. Na ɗora hotuna a waya har na gaji. Dangi suna ta sa albarka, ba wanda ya ce a kawo masa.

Sai na yi tunanin raba shi kyauta. A raina na ce duk wanda ya ɗanɗana zai dawo. Muka ƙulla shi kaɗan-kaɗan a leda, kowane ƙulli na manna masa 'yar takarda mai tambarina, na cika jaka na nufi kasuwar Dakar da ke nan cikin gari.

Matar farko da na miƙa wa mai sayar da tumatir ce. Na ce mata kyauta ne, ta ɗanɗana. Ba ta miƙo hannu ba. Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi, ta ce da Faransanci, “C'est gratuit pourquoi?” Wato a kan me zan ba ta kyauta. Na yi mata bayani cewa sabuwar sana'a ce, so nake mutane su san shi. Ta ce to in fara ci a gabanta. Na kwance ƙullin na lasa. Ta karɓa da yatsu biyu ta ajiye can gefen tire, nesa da tumatirinta. Haka na wuni. Duk wadda na tsaya gabanta sai na lasa, kafin la'asar harshena ya mutu, idona na ta ruwa. Da na juyo ta layin da na fara bi, na ga ƙulli uku a cikin lambatu, takarduna sun jiƙe.

A unguwarmu abin ya fi muni, don nan an san ni. Na bi gida-gida na ba matan da muka tashi tare. Sun karɓa da fara'a, sun yi godiya. Bayan kwana biyu Goggo ta dawo daga wani suna ta zauna a bakin gado ba ta cire mayafi ba.

“Kin san me ake cewa?” in ji ta.

Na ce ban sani ba.

“Wai malami ne ya ba ki sadaka. Wai tun da aka kore ki daga aiki, an ce ki raba abin ci ga mutum kaza, duk wanda ya ci shi zai ɗauki baƙin jinin.”

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Goggo ta ce, “Kar ki ga laifinsu. Ba ki yi suna ba, ba ki yi biki ba, ba a yi miki rasuwa ba, kawai kin tashi kina raba abinci. Ni ma da wata ce ta kawo mini, zubarwa zan yi.”

Na daina rabon. Sauran ƙullin suka zauna a jaka bayan ƙofa.

Wata Laraba da hantsi aka yi sallama. Na fita na tarar da wani dattijo dogo, da farar riga wankakkiya, sai dai warin hayaƙi bai bar ta ba. Takardata na hannunsa. Ya ce shi mai tsire ne a unguwar Deïdo, kusa da hanyar gada, ya daɗe a wurin, mahaifinsa ma sana'ar da ya yi ke nan tun zuwansa daga Najeriya. Wata mai albasa da yake saye a wurinta a kasuwar Dakar ita ta ba shi ƙullin, ta ce ita tsoro take ji, shi da yake Bahaushe ya duba mata ko an sa wani abu. Ya lasa, sai ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidanmu.

Na shimfiɗa masa tabarma a soro, na kawo ruwa. Goggo tana bayan labule, ina ganin yatsun ƙafarta.

“'Yata,” in ji shi, “ke talla kike nema, ni kuma yaji nake nema. Ki riƙa ba ni ƙaramin bokiti ɗaya duk mako. Ni kuma duk wanda ya sayi tsire a wurina, takardarki na cikin ƙunshinsa. Ba ki biya ni ba, ban biya ki ba.”

Na ce zan yi shawara. Ya gyaɗa kai, ya sake buɗe ɗan ƙullin da ya zo da shi, ya dangwala ya sa a baki, ya lumshe ido.

“Akwai kimba,” ya ce. “Akwai masoro kaɗan, da kanumfari. Ƙuli-ƙulin kuma ba na kasuwa ba ne, a gida aka soya. Sai wani abu guda da ban gane ba.”

Goggo ta yi tari a bayan labule. Dattijon ya ɗaga murya ya ce, “Hajiya, ina wuni,” ta amsa a taƙaice.

Yana fita ta ɗage labulen. “Kin ji yadda yake jero kayan haɗin nan ɗaya bayan ɗaya? Wannan ba yaji ya zo nema ba, sirrin ya zo ɗauka. Mutum ya taso tun daga Deïdo don ya yi miki talla a banza? Ɗan uwanki ne?”

Ni ma abin bai kwanta mini ba. Na yi aikin ofis, na san duk wanda ya zo da yarjejeniyar da ta yi daɗi da yawa akwai shafin da bai nuna ba. Amma kwalabe na nan a kan tebur, ina tsoron yajin ya fara canja ƙamshi. Na ce wa Goggo mu gwada na wata ɗaya. Ta ce to, amma nasa daban za a haɗa. Ta rage abin nan da bai gane ba, ta rage wani kuma, ta ce ai ga mai tsire wannan ma ya isa.

Na kai masa bokitin da kaina. Wurin nasa rumfar kwano ce, da rabin duro da aka ɗora wa waya, da tebur mai tsabta. Ya buɗe murfi, ya dangwala ya sa a baki.

“Wannan ba shi ba ne.”

“Baba, shi ne.”

“Ƙaninsa ne dai.” Ya mayar da murfin yana murmushi. “Ki gaida Hajiya. Ki ce mata na gode, amma wancan nake so.”

Kunya ta kama ni har ban san yadda na hau babur ba. Washegari na kai masa na ainihin, da damin takardu. Goggo kuwa abin ƙara mata zargi ya yi. Ta ce harshen da ya gane an rage abu biyu, in aka ba shi wata ɗaya zai gano duka.

Mako na farko waya ba ta yi ƙara ba. Na fara tunanin ko takardun nawa hura wuta yake yi da su. Ranar Asabar bayan la'asar na sa wani mayafi da bai taɓa gani a jikina ba, na hau benskin, wato baburan haya na garin nan, na ce a sauke ni kafin a kai rumfarsa. Ana yayyafi. Na tsaya a ƙarƙashin rumfar wani mai faci a tsallaken titi, ina yi kamar mota nake jira.

Mutane sun fara taruwa, wasu daga aiki, wasu daga mashayun da ke layin, kiɗa na tashi ta ko'ina. Na zuba masa ido. Yana yanka nama, ya barbaɗa yaji, ya sa albasa, sannan ya ɗauki takardata daga cikin wani gwangwani ya ɗora kafin ya naɗe. Kowane ƙunshi sai ya sa, ban ga ya tsallake ko ɗaya ba. Mafi yawansu suna buɗewa suke yar da ita, na ga lambata a ƙasa ana takawa cikin taɓo. Amma na ga wani ya karanta ya sa a aljihu. Na kuma lura ya ajiye kwalbata guda a gaban tebur, wadda na ba shi don gidansa.

Wata mata da kayan ofis ta ɗauki kwalbar tana juyawa. Na tsallaka na laɓe bayan wata mota da ke tsaye don in ji abin da zai ce mata. Da Turancin kasuwa ya amsa: “Na ma pikin di make-am.” Wai 'yarsa ce ke yi. Na rasa ko daɗi zan ji ko haushi. In ya ce 'yarsa ce, ashe yana nuna wa mutane yajin na gidansa ne ke nan? Gobe in wata 'yar tasa ta fito da nata, wa zai bambanta?

Ina cikin wannan tunani, bai ko juyo ba ya ce da Hausa, “'Yata, ruwa na dukanki. Ki shigo rumfa.”

Na shiga kaina a ƙasa. Ya ba ni kujera, ya zaɓo mini tsinke biyu masu zafi. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba, ni ma ban faɗa ba. Na ci na yi godiya na tafi.

A mako na biyu waya ta fara ƙara. Wata daga Deïdo, wani daga Bali yana son ya kai wa matarsa, sai wata mai gidan abinci da ta ce in kawo mata babba ta gwada a kifi. Kusan kowa in na tambaya ina ya samu lambata sai ya ce a wurin tsohon nan mai soya, haka suke kiran tsire. Wasu sukan nuna mini takardar in na kai musu kaya, duk mai ya ɓata ta. Aiki ya yi mana yawa har turmi ya gagara, sai inji. Goggo ta hana a kai kayan wuri ɗaya. Barkono da citta wurin wani mai niƙa, kayan ƙamshi wurin wani a can wata unguwa, abin nan guda kuma ita ke daka shi da hannunta a ɗaki. Matan unguwa da suka ce sadaka nake rabawa suka fara aikowa a sayo musu, ba wadda ta tayar da tsohuwar magana.

Wata ɗaya ya zama uku. Na fara sakin jiki da dattijon, har nakan zauna mu yi hira in na kai bokiti. Goggo ce dai ba ta sauka ba. Duk ranar kai yaji sai ta ce, “Ya sake tambayar abin da ke ciki?” In na ce a'a, sai ta ce ai ya gama ganewa shi ya sa.

Ranar da abin ya faru, na je kasuwar Dakar sayen leda. Ina wucewa ta gaban wani shagon kayan masarufi sai na hango ja da ruwan ɗorawa a kan kanta, da turmi da taɓarya. Zuciyata ta yi fari, na ɗauka wani ne ya sari nawa yake sayarwa. Na ɗauko kwalbar. Irin tawa ce sak, har murfin. Sai da idona ya sauka ƙasa na ga lambar wayar ba tawa ba ce.

Na tambayi mai shagon wa ya kawo masa. Ya ce wata mata ce, ba ta daɗe da fara kawowa ba, bai san daga ina take ba. Na sayi ɗaya.

A gida Goggo ta zuba a tafin hannu ta lasa, ta sake lasa. Ta ce gishiri ya yi yawa, an kuma cika dunƙule. “Amma akwai kimba,” in ji ta, tana lanƙwasa yatsu. “Akwai masoro. Akwai kanumfari. Wanda babu shi ne wanda ya ce bai gane ba.” Ta dube ni. “Daidai abin da ya jero a soron nan, ba ƙari ba ragi.”

Na ɗauki wayar Goggo na kira lambar. Mace ce ta ɗauka, da Faransanci mai kyau, ba alamar Hausa a bakinta. Na ce yaji nake so da yawa, a ina zan same ta. Ta ce in faɗi inda nake a kawo mini. Na matsa, na ce na fi so in zo da kaina. Sai ta ce tana wajen Deïdo. Na kashe wayar.

Ban tsaya tunani ba. Washegari da hantsi na isa rumfarsa, lokacin ba kowa, yana zaune yana soka nama a tsinke. Ko gaisuwa ban yi yadda ya kamata ba. Na dangwarar da kwalbar a kan teburinsa na ce ya duba. Ya duba, ya ce ai tawa ce. Na ce ya dubi lambar. Ya ce, “Ni ba na karatun boko, 'yata. Mene ne?”

Sai na sauke masa duk abin da ke cikina. Na ce tun ranar farko na san akwai abin da ya kawo shi. Na ce ya zauna a soronmu ya jero kayan haɗinmu, ga su nan a kwalbar wata. Na ce matar a Deïdo take. Na ce yana gaya wa mutane 'yarsa ce ke yi, to yanzu na gane wace 'yar yake nufi. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita a nan ba, ga mutumin da ya isa ya haife ni.

Bai daina soka naman ba har na yi shiru. Sannan ya ajiye tsinken, ya wanke hannu a roba, ya goge.

“Kin gama?”

Na ce na gama.

“Deïdo ba gidana ba ce, unguwa ce. Kimba kuma duk wanda ya taɓa riƙe wuƙar nama ya san ƙamshinta.” Ya shiga cikin rumfa ya fito da bokitina, da sauran yaji wajen rabi, da gwangwanin takardu. Ya juye takardun, ya daidaita bakinsu, ya ɗaure da roba, ya ɗora a kan murfin. “Ga kayanki. Allah ya ba da kasuwa.”

Na so ya yi faɗa, ko ya rantse, ko ya kama kame-kame, da na san inda na tsaya. Bai yi ko ɗaya ba, ya koma ya zauna ya ɗauki tsinkensa. Na rungumi bokitin na tsayar da babur. Goggo ta ce shirun nan nasa shi ne shaida, mai gaskiya ba ya yin shiru haka. Na yarda da ita a ranar.

Bayan kwana huɗu na je wurin mai buga takardu don ya canja mini tambari, tunda an lalata wancan. Na zauna kusa da shi yana neman aikina a kwamfuta. Ya buɗe wani, sai ga turmina da taɓaryata, da lambar matar nan a ƙasa. Ya yi sauri zai rufe, na riƙe masa hannu.

“Wannan fa?”

Ya sosa ƙeya. Ya ce wata mata ce ta zo da takardata, ta ce a yi mata irinta. Da ya ga aikinsa ne, yana da shi a ajiye, sai kawai ya canja lambar. “Madam, aiki ne ya zo. In ban yi ba na gaba zai yi.”

Na tambaye shi wace ce. Ya ce bai san ta ba, ba 'yar unguwa ba ce, Faransanci suka yi. Yaya aka yi ta san shi ya buga? Ya nuna mini can gefen takardar, ashe ya sa sunan shagonsa da ƙananan haruffa, tallan kansa yake yi a jikin nawa, ban taɓa lura ba. Na ce da wa ta zo? Ya ce ita kaɗai. Abin da ya tuna kawai, takardar da ta kawo duk mai ne a jikinta, har ta ɓata masa tebur.

Na fito na tsaya a bakin titi. Takarda mai mai daga ƙunshin tsire ta fito, wannan ba shakka. Amma mutum nawa ne suka buɗe irin wannan ƙunshin a wata uku? Kuma da dattijon ne ya aiko ta, me zai sa ya ba ta mai datti, alhali yana da sababbi cike da gwangwani? Na kawo wa Goggo wannan maganar. Ta ce wayo ne, don kar a gane. Na ce Goggo, in sabuwa ce shi ne, in mai mai ce ma shi ne? Ta ce ita dai ta faɗi nata.

Sai da na yi mako guda ina juya abin kafin na koma Deïdo. Kiran waya ya ragu a kwanakin, ba zan ɓoye ba, wannan ma yana cikin abin da ya tura ni. Na je da goro da turare. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin mai buga takardu, na ce ya yafe mini, bakina ya yi kaifi.

Ya ce ya yafe tun ranar. Ya karɓi goron ya ajiye, ya ce in tashi in zauna.

Da na ga fuskarsa ta ɗan saki sai na yi tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce, “Baba, don Allah, me ya sa ka zo gidanmu tun farko?”

Ya ce, “Wanda nake sayen yaji a wurinsa ya fara cika shi da garin rogo, masu saye suna ƙorafi. Na lashi naki na ji ya yi. Na kuma ga kina rabawa kyauta a kasuwa, na ce wannan ba ta san inda za ta kai shi ba, zan samu ba tare da na biya ba. Shi ke nan. Ba don Allah kaɗai na zo ba, amma ba sata na zo yi ba.”

Na ce to mu koma yadda muke. Ya girgiza kai.

“Yajin ina so, ki ci gaba da kawowa. Amma yanzu saye zan riƙa yi, kamar kowa. Takarda kuma ba zan ƙara sawa ba.”

Na ce me ya sa, tunda ya yafe.

“In na saya, nawa ne. Ba wanda zai zo ya tsaya mini a kai da safe yana tambayata wa na ba.”

Na roƙe shi, na ce ko na wata ɗaya. Bai ɗaga murya ba, bai kuma canja ba. Ya naɗe mini tsire ya ce in kai wa Hajiya.

Haka muke har yanzu. Duk Alhamis ina kai masa bokiti, mu gaisa, ya tambayi jikin Goggo, in tambayi iyali, in tafi. Na gwada irin wannan yarjejeniya da wasu masu tsire biyu, ɗaya a unguwarmu, ɗaya wajen kasuwa. Na farkon kwana uku ya yi yana sa takardar ya manta, na biyun kuwa na tarar yana haɗa yajina da nasa don ya yi auki. Masu sayen da na samu a watannin nan uku su suka riƙe ni, su suka gaya wa wasu, a hankali sana'ar ta tsaya da ƙafarta. Na canja tambari, na canja mai bugawa, kuma kafin in karɓi aiki sai na duba kowane gefe na takardar da kyau.

Kwalaben matar sun ɗan jima a kasuwar Dakar, sannan na daina ganinsu. Na sake kiran lambar sau ɗaya, aka ce a kashe take. Ban taɓa sanin ko wace ce ba. Goggo ta tsufa sosai yanzu, ta daina daka, sai dai ta zauna a kujera a bakin madafa tana ba da umarni. In zancen ya taso, har gobe cewa take surukarsa ce ko 'yar ƙaninsa, kuma ni ce na cika saurin ba da haƙuri. Ba na yi mata musu. Akwai ranar da na isa rumfarsa na tarar da wata mata tana masa magana da Faransanci suna dariya, na tsinci kaina na rage tafiya ina kasa kunne ko zan gane muryar. Da na matso sai na ji kwatancen asibiti take tambaya. Na ajiye bokitin, na gaishe su duka biyu.